Katin Ja da Katin Kore

A titin Santa Ifigênia, cikin São Paulo,
inda ruwan Janairu ke dukan rumfa kamar mai bin bashi,
nan shagona yake, taku huɗu da rabi.
Ni ne Jurandir. Shekara talatin ina buɗe cikin injuna,
har yatsuna sun san zazzaɓin waya kafin ma'auni ya faɗa.

Yau katin hoto biyu na kwantar a kan tebur,
ɗaya ja, ɗaya kore,
kamar 'yan dambe kafin a buga ganga.
Yarona Caetano ya haddace su tas:
"Kore gigabait goma sha biyu ne, amma gwanin haske,
yana bin sawun rana har cikin kofin gilashi.
Ja kuwa sha shida ya ɗauka, cikinsa rumbu guda,
sai dai ci gare shi, wat ɗari uku, ba ya ƙoshi."

Na ce, "Yaro, takarda ba ta gumi.
Kunna mu gani."

Mai sayen tana tsaye, lemarta na ɗiga a kan takalmi.
Valdirene sunanta.
Gidaje take zana wa masu kuɗi,
gidajen da ko tubali ɗaya ba a aza ba,
da tafkin wanka, da inuwar bishiya a kan marmara.
Ita kuwa ɗaki guda take haya a Mooca,
tebur nan, gado nan, tsakaninsu kamu ɗaya.

Muka ɗora wa ja aikinta, bene mai hawa tara.
Ya zabura kamar an tsikare shi,
fankokinsa uku suka ɗauki kuka,
zafi ya hau tamanin da ɗaya ya zauna.
Minti shida da daƙiƙa goma, bene ya tsaya cak,
har labulen tagar hawa na bakwai yana kaɗawa.
Caetano ya buga tebur: "Kin gani? Ƙarfi ba ya ɓuya!"

Sai kore.
Shi bai yi gaggawa ba.
Ya ɗauki tagogin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa,
ya ɗan yi tuntuɓe a wajen lambu,
inda ganye ya yi wa cikinsa yawa,
amma da ya iso kan ruwan tafkin
sai da na cire tabarau na goge.
Minti bakwai da rabi. Zafi sittin da takwas.
Kukansa bai fi numfashin kyanwa ba.

Caetano ya jera lambobi a bayan rasit,
ya ja layi biyu ƙarƙashin ja.
Da gaskiyarsa: ya fi sauri, ya fi ciki, ya ma fi araha kaɗan.

Valdirene ba ta dubi rasit ba.
Ta ce, "Sake kunna su, kowa ya yi shiru."
Ta sunkuya, ta kai kunnenta kusa da ja,
ta ja baya. Ta koma ga kore, ta daɗe.
"Ƙarfe ɗayan dare nake fara aiki," in ji ta,
"ɗana Ícaro wata biyar gare shi,
kansa yana nan, daidai inda gwiwar hannuna take.
In ya farka, minti ɗaya da na ci riba
sai na biya shi da awa biyu ina jijjiga."

Na naɗe mata kore cikin leda biyu saboda ruwa.
Ta ƙirga kuɗi, ta rage na motar komawa.

Caetano ya daɗe yana juya rasit ɗinsa.
Can ya ce, "Maigida, a wane layi ake rubuta barcin jariri?"
Na ce, "Mayar da ja cikin kwali,
gobe ɗan wasan nan mai toshe kunne zai zo."